Alat Ba Kuɗi Ba Ne: Yadda Ake Damfarar Masu Sayar da Kaya a Intanet

Idan ana zancen damfara a kasuwancin intanet, mai saye aka fi tausaya wa: ya tura kuɗi kaya ba su zo ba, ko sun zo amma ba irin waɗanda ya gani a hoto ba. Mai sayarwa kuwa gani ake shi ke da wuƙa da nama, tunda kayan suna hannunsa. Amma ka tambayi masu sayar da waya a Farm Centre da ke Kano, ko matan da ke tallar atamfa da leshi da turaren wuta daga ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram, za ka ji cewa su ma ana yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Kuma kusan kullum a wuri guda ake kayar da su: tsakanin lokacin da mai saye ya ce "na tura" da lokacin da kaya suka bar hannu. Tazarar ba ta wuce 'yan mintoci, amma a cikinta jarin mutum yake tafiya.

Abin bai zama ruwan dare haka kawai ba. Tun 2011 kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya da juna, ya fito da tsarin tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani. Amma abin da ya tura kowa da kowa ciki shi ne canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai shayi, mai nama, mai kayan miya, duk suka buɗe asusu a OPay ko PalmPay ko Moniepoint, suka rubuta lambar a kwali suka rataye. Dole ce ta koya wa mutane karɓar taransifa, kuma dole ba ta tsaya ta koya musu yadda ake tantance ta ba.

Ya kamata kuma mai kaya ya san matsayin dandalin da yake talla a kai. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014 kuma ya saye takwaransa OLX na Najeriya a 2019, allon talla ne kawai: ya haɗa ka da mai saye, ya ja gefe. Facebook Marketplace ma a nan ƙasar haka yake, balle WhatsApp da Instagram. Babu ɗayansu da ke riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa, babu wanda zai biya ka idan an cuce ka. Jumia da Konga ne suke karɓar kuɗi da kansu sannan su biya mai kaya. Saboda haka duk saƙon da ya ce maka Facebook ya ajiye kuɗinka, za a sakar maka da zarar ka aika kaya ko ka biya wani ɗan abu, ƙarya ce tun daga tushe.

Idan aka tura kuɗi, abubuwa uku ne suke bayyana, kuma jama'a na ɗaukarsu abu ɗaya. Akwai rasit da ke fitowa a wayar mai turawa. Akwai saƙon tes da ke shigowa wayar mai karɓa, wato alat. Akwai kuma adadin da ke cikin asusun kansa, wanda banki ke riƙe da lissafinsa. Na farko yana hannun mai saye, zai iya yi masa yadda ya ga dama. Na biyu yana bi ta layin waya, hanyar da kowa ke iya aiko da saƙo ta cikinta. Na ukun ne kaɗai ɗan damfara ba ya iya ƙirƙira. Yawancin dabarunsu ƙoƙari ne na sa ka gamsu da na farko ko na biyu don kada ka leƙa na uku.

Saƙon banki ba ya zuwa da lambar waya, da suna yake zuwa. Kamfanonin da ke aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda, irin waɗanda 'yan siyasa da masu gayyatar biki ke amfani da su, suna ba mai aikawa damar zaɓar sunan da zai bayyana. An tsaurara wannan a 'yan shekarun nan, amma ɗan damfara ba ya buƙatar sunan bankin daidai wa daida. Ya isa ya sauya harafi ɗaya ko ya ƙara ɗigo, domin ya san wanda ke jiran kuɗi adadi yake nema, ba ya tsayawa karanta suna. Lambar asusunka kai ka ba shi, cikakken sunanka ya gani da ya shigar da lambar a manhajarsa, lambar wayarka kuma tana kan tallar. Abu ɗaya ne bai sani ba, nawa ke cikin asusunka kafin cinikin. Shi ya sa alat na bogi ko dai ya tsallake layin balans, ko ya kawo adadin da bai yi daidai ba. Wanda ya san abin da ke asusunsa zai iya kama shi a nan, amma ba na so a dogara da wannan, domin a tsakiyar hada-hada ba kowa ke tsayawa lissafi ba.

Rasit ya fi alat sauƙin ƙirƙira, tunda hoto ne. Wanda ya taɓa tura naira 500 ta wani banki yana da samfurin rasit ɗin bankin, sai ya sauya suna da adadi da lokaci. Akwai ma manhajojin bogi da aka yi su sak irin na bankuna, har da da'irar da ke juyawa da koriyar alamar da ke nuna kuɗi sun tafi. Mutum zai tsaya a gabanka ya shigar da lambar asusunka, ya danna, ya juyo maka fuskar waya. Ka gani da idonka, alhali ko kwabo bai motsa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a wannan harka sai an ƙara da tambaya: a wayar wa ka gani? Wani kuma manhajar gaskiya yake amfani da ita, sai dai ya saita turawar ta fita gobe ko jibi, ya nuna maka shafin da ke cewa an karɓi umarninsa, yana barin wurin ya soke. Wani ya tura naira 4,500 a maimakon 45,000, ya bar alat na gaske ya yi ƙara a aljihunka, ya san ƙarar za ta ishe ka.

Daga nan sai zancen netwok, wanda ya fi komai tasiri saboda wani lokacin gaskiya ne. Kowa ya taɓa tura kuɗi aka cire masa ba su isa ba. A kan wannan gaskiyar ɗan damfara yake hawa: "Wallahi an cire min, ga shi ka gani, bankinku ne ke da matsala, zuwa anjima za su shigo." To ga yadda abin yake a ƙa'ida. Dokar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi tara ga bankin da ya jinkirta saka wa mai karɓa kuɗinsa fiye da minti 4, da kuma wanda bai mayar da kuɗin da suka kasa isa ba cikin awa 24. A lura da ƙarshen maganar. Idan kuɗi suka kasa isa, wurin mai turawa suke komawa. Ke nan ko da mutumin kirki ne, ko da da gaske an cire masa, in ka ba shi kaya kuɗin suka koma asusunsa da daddare, ka zama mai bin bashi wurin wanda ba ka san gidansa ba. Kuɗin da suka maƙale a hanya magana ce tsakanin mai saye da bankinsa. Kayan su zauna a wurinka, ko kuɗin su shigo ya zo ya ɗauka, ko su koma masa ya sake turawa. Wanda ke da niyyar biya ba ya asarar komai a haka sai ɗan jira.

Inda na fi so a tsaya shi ne abin da bai shafi na'ura ba. Masu sayarwa da yawa sun san duk wannan, amma a cuce su, saboda kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ƙaryata mutum a gaban idonsa rashin mutunci ne, balle in ya girme ka, ko ya zo cikin manyan kaya, ko ya rantse da Allah. 'Yan damfara sun san wannan tarbiyya kamar yunwar cikinsu. Dattijo ne zai zo da hula da carbi, ya zaɓi kaya bai ko taya ba, ya ce, "Yarinya, duba wayarki, na tura, sauri nake jirgi zan bi." In ta ce, "Baba, a ɗan yi haƙuri in duba," sai ya ɓata rai: "Haba 'yata, ni zan cuce ki a kan wannan ɗan abin? Na haifi kamarki." Ko wata ta kira daga Abuja, murya a natse: "Hajiya, ga direbana nan a ƙofar gidanki, don Allah a ba shi, gobe ne bikin, na turo miki rasit." Direba na ta danna hon, yara na shigowa suna cewa ana sallama, maƙwabta na kallo. Wannan gaggawar shirya ta aka yi. Haka ma rashin tayi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma wanda ya ji farashi ya ce a ƙara masa guda uku ba tare da neman ragi ba, a kasuwar da ake daɗewa ana ja-in-ja kan naira 200, ya kamata a tambayi dalilinsa.

Maganin kunya shi ne a mayar da binciken dokar shago, yadda ba zai zama zargin wani mutum ba. "Ranka ya daɗe, ba kai nake tuhuma ba, ƙa'idarmu ce kaya ba sa fita sai kuɗi sun nuna a manhaja, ko mahaifina ne." A rubuta ta a jikin talla, a liƙa ta a shago, a faɗe ta tun kafin a ba da lambar asusu. Mai gaskiya zai zauna ya jira. Wanda kuma yake ganin tantancewa munana zato ne ga ɗan'uwa Musulmi, ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaida a ciniki take magana, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakanin junansu.

Dubawar kanta ba wuya. Ka buɗe manhajar bankinka a wayarka da hannunka, ka shiga tarihin shige da ficen kuɗi, ka ga adadin, ka ga sunan mai turawa, ka ga lokacin. In babu data, lambobin banki na aiki ko a ƙaramar waya: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith. Masu shagon da ke barin yara a kan kaya su suka fi shan wannan duka, domin yaron shago ba ya ganin asusun maigidansa. Sai ya kira, in bai samu ba ya dogara da rasit. Gara a ajiye masa na'urar POS da ke nuna taransifar da ta shigo a fuskarta. Idan kuma cinikin babba ne aka ce cek aka saka, a bambance adadin da aka rubuta a asusu da wanda za a iya cira, domin cek na iya bayyana a lissafi kafin a tabbatar akwai kuɗi a bayansa.

Duk wannan damfara ce ta kuɗin da ba su shigo ba. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta kuɗin da suka shigo da gaske.

A ce ka sa waya a Jiji naira 400,000. Wani ya kira, kuka daidaita, ya karɓi lambar asusunka. A daidai lokacin yana can yana ciniki da wata baiwar Allah a wani gari, wadda ya tallata wa firiji ko gidan haya da babu su, a kan wannan adadin dai. Da ta ce ina za ta tura, sai ya ba ta lambarka, ya ce ta ƙanensa ce ko ta shago. Ta tura. Kai ka buɗe manhaja, ka ga 400,000 cif sun zauna, ka miƙa wa ɗan aikensa waya da kwalinta, har da godiya. Bayan kwana biyu matar ta gane an yaudare ta, ta nufi bankinta da ofishin 'yan sanda ɗauke da rasit na gaske, kuma sunan da ke jikin rasit ɗin naka ne. Sai ka wayi gari an ɗaure asusunka, kuɗi na shiga ba sa fita, abin da ma'aikatan banki ke kira PND, har da sauran jarinka da ke ciki. Shi kuwa bai taɓa kuɗin ba, bai bar sunansa a kowane banki ba. Waya ya ɗauka, ya cire layinsa ya jefar. Tsarin BVN da aka kawo a 2014 don a riƙa sanin mai kowane asusu ya yi aikinsa daidai, sai dai kai ya nuna. Haka abin yake idan kuɗin na sata ne kai tsaye: an sace wayar wani, an shiga asusunsa, ana neman mayar da kuɗin su zama waya ko gwal ko buhun shinkafa kafin a toshe.

Akwai 'yar'uwar wannan da masu sayar da mota da babur suka fi sani. Mutum ya kira ka a matsayin dillali, ya ce zai turo mai saye ya duba, "amma don Allah, Alhaji, kada ku yi maganar kuɗi, akwai la'adata a sama." Shi ma mai sayen an gaya masa motar ta dillalin ce, kai ɗan'uwansa ne da take ajiye a wurinsa, kada ya tayar da zancen farashi. Ya duba ya gamsu, ya tura kuɗi asusun dillali, ya ce a ba shi makulli. Kai ba ka ga ko sisi ba. Ga mutum biyu masu gaskiya suna cacar baki a bakin titi, kowa na kiran ɗan'uwansa ɓarawo, wanda ya haɗa su ya kashe waya. Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa kuma la'ada halal ce, amma dillalin gaskiya da jikinsa yake tsayawa a wurin ciniki. Duk wanda daga nesa ya hana mai kaya da mai kuɗi faɗa wa juna farashi da asusun da za a biya, akwai abin da yake ɓoyewa.

Abin da ke kare mutum a nan shi ne suna. Sunan da ya bayyana a matsayin mai turawa ya zama na wanda kake ciniki da shi. In ya ce matarsa ce ta tura, ko maigidansa, hakan na faruwa kullum kuma ba laifi ba ne, amma sai ka yi magana da mai asusun, in da hali ta bidiyo, ya nuna katin shaidar da ke ɗauke da wannan sunan. Kada ka tsaya a "ke kika turo?", domin za ta ce e. Ka tambaye ta kuɗin mene ne. Matar da ta ce kuɗin firiji ne alhali waya kake sayarwa ta ceci kanta ta cece ka. Ana kuma iya cewa mai turawa ya rubuta sunan kayan a wurin bayani na taransifar. Wanda zai karɓi kaya masu tsada ya nuna katinsa, a ɗauki hotonsa da kayan da yardarsa, in waya ce a danna *#06# a rubuta lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaida da kowace waya ke da tata. Na san za a ce wannan ya yi yawa ga mai sayar da gyalen naira 6,000, kuma haka ne. Gwargwadon tsadar kaya gwargwadon bincike.

Sai kuma "na yi kuskure". Kaya 35,000 ne, sai ga 350,000, ko ga alat ɗinsu. Mai saye ya kira hankali tashe, kuɗin asibitin mahaifiyarsa ne, a taimaka a mayar da ragowar, amma ta wannan asusun domin wancan na da matsala. In alat ɗin na bogi ne, daga aljihunka ka biya shi. In kuɗin na gaske ne, mai yiwuwa na wani ne, kuma kai ka fitar da su zuwa hannun ɓarawo da yatsanka, abin da zai yi wuyar bayani a gaban mai bincike. Kuɗin kuskure amana ne, dole a mayar, babu ja a nan. Amma asusun da suka fito kaɗai ake mayar wa, kuma in suna da yawa a je banki a rubuta takarda su mayar da kansu.

Wani rukunin kuma bai damu da kayanka ba, asusunka yake hari. Tallarka ta ba shi lambar waya da dalilin kira. Zai nuna yana so, sannan ya ce kamfaninsu ne zai biya, sai ka cike wani fom a linkin da ya turo, ko ka karanto masa lambobin da aka aiko maka yanzu don a tabbatar kai ne. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar komai sai lambar asusu mai alƙaluma 10 da sunan banki. Lambar jikin kati, alƙaluma ukun da ke bayansa, lambar sirri, lambar OTP da banki ke aikowa ta tes, duk na fitar da kuɗi ne. Lamba mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke aikowa kuwa makullin WhatsApp ɗinka ce. Wanda ya same ta ya gaji kwastomominka gaba ɗaya, ya sa tasa lambar asusun, ya ce ana bonanza, ya kwashi kuɗin mutanen da suka amince da kai shekara da shekaru. Ga mace mai sana'a a gida wannan ya fi asarar turmi goma ciwo, domin sunanta ne ya tafi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp na rufe wannan ƙofar.

A nan ma akwai wata gaskiya da suke fakewa da ita. Ƙaramin asusu, na matakin farko, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Sai mai saye ya ce kuɗi sun ƙi shiga, jim kaɗan wani ya kira a matsayin ma'aikacin banki zai taimaka a ɗaga asusun. Ɗaga asusu a cikin manhaja ake yi ko a reshen banki, kuma banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Wanda ya ga cinikinsa ya fara girma ya je ya gyara asusunsa tun kafin ranar ta zo.

Aika kaya wani gari na da nasa haɗarin. Mai saye na tsoron ya biya kaya ba su zo ba, mai kaya na tsoron ya aika kuɗi ba su zo ba, kuma kowa na da hujjarsa. A ganina bai dace mai ƙaramin jari ya kai kaya tasha a kan alƙawarin "in sun iso zan biya" daga wanda bai sani ba. Direba aikinsa ya kai saƙo, in aka nuna masa rasit a waya miƙawa zai yi. In ya zama dole, a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin mota zuwa da dawowa, a kuma gaya wa direba ko ɗan aike ƙarara cewa kiranka zai jira kafin ya saki kaya. Mafi kyau a samu wakili a garin, ɗan'uwa ko abokin sana'a, kayan su sauka wurinsa. Natsuwar da mai saye ke nema kuwa a ba shi ita ta wata hanya: kiran bidiyo ya ga kaya da shago, asusu mai suna daidai da na mai sana'ar, tsofaffin kwastomomin da zai iya tambaya. Haɗuwa ido da ido a yi ta da rana a wurin jama'a, kamar harabar banki, kada a shiga motar mai saye, kuma mace kada ta je ita kaɗai.

Idan ta riga ta faru, awannin farko su ne masu amfani. A kira banki nan take, a je reshe a rubuta ƙorafi a karɓi lambarsa. In kuɗi ne suka fita, saurin rahoto ne ke sa a tarar da su kafin a rarraba su zuwa wasu asusun. Kada a goge hira, kada a toshe lamba kafin a ɗauki hoton komai: shafin mutumin, lambobinsa, rasit ɗin bogin, a kuma adana sautin da ya turo. A kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma EFCC na da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Idan banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafi ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki. Wanda aka ɗaure wa asusu saboda kuɗin wani kuwa, takardunsa ne za su wanke shi: tallar da ranar da ya sa ta, hirar cinikin, hoton wanda ya karɓi kaya, lambar IMEI.

Da yawa daga waɗanda aka cuta shiru suke yi don kada a ce sun yi wauta, sai ɗan damfara ya ɗauki lambar nan dai da labarin nan dai ya shiga shagon maƙwabci. A faɗa wa shugabannin kasuwa, a sa a zauren WhatsApp na 'yan sana'a, a bayyana lambar da aka yi amfani da ita da yadda aka tsara abin, a kuma kai ƙarar shafin ga dandalin da aka haɗu a kai. Sai dai a yi hattara da yaɗa sunan da ke kan asusun ko hoton da ke kan shafin, domin sau da yawa na wani bawan Allah ne da shi ma aka yi amfani da shi, yana can yana nasa ƙorafin a wani banki.